KA KOMA INDA KA BAR HANYA

Ya ɗan'uwana mai karatu, ka tuna da kwanakin da ka fara bin Ubangiji Yesu? A lokacin nan ba wanda ya ke tashe ka domin addu'ar asuba, nisan ɗakin sujada kuwa bai dame ka ba. Yanzu fa? Watakila ka yi tuntuɓe, kunya ta hana ka komawa cikin 'yan'uwa, har kana cewa a ranka, "Ni dai tawa ta ƙare." Dominka aka rubuta takardan nan. Ka yi haƙuri ka ji labarin waɗansu masu gudu, gama manzo Bulus da kansa ya kwatanta zaman mai bi da tsere, sa'ad da ya rubuta wa mutanen Koranti, waɗanda a ke yin babban wasan tsere kusa da birninsu kowace shekara biyu.

A ƙasar Amurka, cikin jihar Kalifoniya, akwai manyan duwatsu da a ke kira Siyera Nebada. Tun shekarar 1955 mahayan dawaki su ke tsere bisa wata tsohuwar hanya ta cikin duwatsun nan, tsawonta mil 100, ana so mahayi ya gama kafin sa'a 24. Wani saurayi mai suna Gordy Ainsleigh ya gama tseren har sau biyu bisa doki. Amma a 1973 dokinsa ya soma ɗingishi tun bai kai mil 30 ba, aka fid da shi. Da shekara ta kewayo, watau 1974, sai ga shi ya komo ba doki. Ya shiga tsakanin dawaki da ƙafafunsa, ya isa garin Auburn cikin sa'a 23 da minti 42. Daga abin da ya yi ne aka kafa tseren ƙafa bisa hanyan nan a 1977, sunansa Western States.

Wannan tsere ba irin na fili ba ne. Ana tashi ran Asabar da ƙarfe 5 na asuba, wajen ƙarshen watan Yuni. Kafin mutum ya gama zai hau tudu wajen ƙafa 18,000, ya gangara wajen ƙafa 23,000. Bisa kan duwatsu wani lokaci ƙanƙara a ke takawa, cikin kwazazzabai kuwa zafi ne mai tsanani. A mil 78 akwai kogin da za a haye. Yawancin masu gudu dare ya kan yi musu cikin kurmi, suna bin ƙyallayen da aka ɗaura a rassan itatuwa da hasken fitila. Iyakar lokacin da aka ba kowa sa'a 30 ne.

To, cikin dokokin tseren akwai guda wadda ni ke so ka riƙe. Wanda ya kauce daga hanya ba a kore shi ba tukuna. Amma wajibi ne ya koma da ƙafarsa har daidai wurin da ya bar hanya, kāna ya ci gaba. Ba a yarda ya yanke daji ya tari hanya a gaba ba, ba kuwa a yarda mota ta ɗauke shi ba.

A 2016 wani mai gudu, Jim Walmsley, yana da shekara 26, ya tsere wa kowa da nisa ƙwarai. Saura mil 7 kaɗai, sai ya wuce wata mararraba bai lura ba, ya yi ta gudu inda ba hanya ba ce. Da ya gane, sai ya juyo, ya koma inda ya ɓace, ya ƙarasa da sauran ƙarfinsa, shi ne na 20. A 2017 ya sāke zuwa, ciki ya ɓaci masa, ya tsaya a bakin kogin nan na mil 78, bai gama ba. Sau biyu ke nan ya ji kunya a idon jama'a. Duk da haka ya komo a 2018, ya ci tseren cikin sa'a 14 da minti 30, ya sāke ci a 2019 cikin sa'a 14 da minti 9.

Kada ka ce labarin ƙarfafa ne kaɗai. A 2015 wata tsohuwa mai shekara 70, Gunhild Swanson, ita ma ta kauce wajen mil 88, ta ƙara wa kanta tafiyar wajen mil 3. Ta koma kan hanya, lokaci yana ƙurewa. Wanda ya zo na ɗaya a shekaran nan, Rob Krar, ya fito ya tarye ta, ya yi gudu tare da ita cikin mil na ƙarshe. Ta ƙetare layi saura daƙiƙa 6 sa'a 30 ta cika. Aka rubuta sunanta cikin waɗanda suka gama, daidai kamar nasa.

Waɗannan sun sha wahala domin ladan duniya. Bari mu ɗauki misalinsu domin abin da ya fi.

Na fari, ɓata hanya ba shi ne fita daga tsere ba. Bitrus ya yi mūsun Ubangijinsa sau uku a dare guda, amma Yesu ya neme shi a bakin tekun Galili, ya sāke danƙa masa kiwon garkensa. Yohanna Markus ya rabu da Bulus da Barnaba a Bamfiliya ya koma Urushalima, har Bulus ya ƙi sāke tafiya da shi. Amma a ƙarshen ransa Bulus ɗin nan ya aika a kawo masa Markus, domin ya ga amfaninsa cikin hidima. Muryar da ke ce maka Allah ya gaji da kai, ta Shaiɗan ce. Kristi ya mutu domin zunubanka, har da wanda ka yi bayan baftisma.

Na biyu, sai ka koma daidai inda ka bar hanya. Nan ne mutane da yawa su ke so su yanke daji. Mutum ya riƙe bashin maƙwabcinsa, ko ya yi wa ɗan'uwa ƙarya, ko ya koma wurin boka da dare, ko gidan giya. Sa'an nan ran Lahadi ya sa farar riga ya zauna a gaba, yana tsammani waƙa za ta rufe abin. Ba shi yiwuwa. Hausawa sun ce kada ka dubi inda ka faɗi, dubi inda ka yi tuntuɓe. In bashi ne, ka je wurin mai shi ka faɗa masa ranar biya, ko da kaɗan kaɗan. In ƙarya ce, ka warware ta a gaban wanda ya ji ta. In laya ce, ka fid da ita daga gidanka. Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin mayar wa waɗanda ya zalunta riɓi huɗu, a ranan nan kuwa Yesu ya shaida ceto ya shiga gidansa. Komawan nan ba ita ke sayen gafara ba, gama gafara kyauta ce. Amma ita ce shaidar tuba ta gaskiya.

Na uku, kada ka yi tafiyar dare kai kaɗai. A tseren nan, daga garin Foresthill a mil 62, an yarda mai gudu ya sami abokin rakiya, wanda zai duba masa alamun hanya sa'ad da gajiya ta rufe masa ido. Kai ma ka nemi dattijon ikilisiya, ko wani mai bi mai riƙon asiri, ka faɗa masa inda ka kauce. Matambayi ba ya ɓata. In kuwa kai ne ke tsaye, ka fita ka taryi ɗan'uwan da ya makara, kada ka zauna kana ƙirga laifofinsa.

Na huɗu, kada ka jira ƙauna ta komo kafin ka tashi. Mutane da yawa waɗanda rauni ko kāshi ya sa suka ƙi jinin gudu, sun sāke samun daɗinsa a hanyoyin duwatsu, domin a can ko gwanaye su kan taka a hankali a hawa mai wuya, ba wanda ya ke ganin wannan abin kunya ne. Haka ya ke ga mai bi. In ba ka iya doguwar addu'a yau ba, ka yi gajeruwa. Ka karanta aya kaɗan, ka je sujada ko da zuciyarka a sanyaye ta ke. A bisa hanya murnar ta kan tarad da mutum. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu guda kaɗai ya kamata ka ji tsoro. Su masu tsere sun san sa'a 30 aka ba su, amma kai ba a gaya maka yawan kwanakinka ba. Domin wannan kada ka bari sai gobe. Ka ajiye takardan nan, ka durƙusa, ka ce: "Ya Ubangiji Yesu, na bar hanyarka, na kuwa san wurin da na bar ta. Ka gafarta mini, ka ba ni ƙarfin komawa can yau, ka riƙe ni har ƙarshe. Amin." Sa'an nan ka tashi, ka tafi wurin mutumin da ka sani ya kamata ka gani.