Gandu da gamana: laifin wanda ya sayar shi kaɗai

A kwarin Keita da Tamaske, kamar a fadamun Madawa da Buza, akwai gardamar da ke dawowa duk shekara idan albasar rani ta nuna. A watannin Maris da Afrilu kasuwa kan cika, farashin buhu ya faɗi warwas. Manoma sukan yi shawara su zuba albasarsu cikin rudu, su jira lokacin da za ta yi daraja. Amma ba a rasa wanda zai lallaɓa ya sayar wa dillali, domin bashin iri da na man injin ban-ruwa sun shaƙe masa wuya. Abokansa su ce ya ci amana, shi ko ya ce babu wanda ya ɗauke masa bashinsa. Shin mutumin da ya shiga alkawarin jama'a yana da ikon ceton kansa shi kaɗai idan wuya ta kai wuya?

Irin wannan gardama ta faru tsakanin ƙasashen CEDEAO, ƙungiyar da aka kafa a Legas a 1975. Bayan yarjejeniyar Kwatano ta 2000, Tarayyar Turai ta nemi ƙulla sabon tsarin ciniki, wanda aka fi sani da APE, da Afirka ta Yamma baki ɗaya, aka sa ƙarshen 2007 ya zama wa'adi. Wa'adin ya iso ba a daidaita ba. A Disamban 2007 Kodibuwa da Gana suka amince da yarjejeniyar wucin gadi, kowace da tata, suka yarda su janye kuɗin fito sannu a hankali daga kusan kashi 80 cikin ɗari na kayan Turai. A 2014 aka kammala yarjejeniyar yanki duka, amma Nijeriya ta ƙi sa hannu don tsoron abin da zai sami masana'antunta. Ta yanki ta tsaya cik, na wucin gadi biyun suka fara aiki a 2016.

Masu zargin ƙasashen biyu suna da hujja mai ƙarfi. Tun Janairun 2015 ƙungiyar ta ɗauki kuɗin fito na bai ɗaya, wato danga guda da ta kewaye gonar kowa. Idan aka buɗe ƙofa biyu a Abijan da Tema, kayan da suka shigo da rangwame suna iya sulalewa zuwa kasuwannin maƙwabta, su kashe wa masu sana'ar gida ciniki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan haka, wanda ya riga ya sayar ya rage wa sauran ƙarfin ciniki, tun da mai saye ya gane cewa bakinsu ba ɗaya ba ne.

To amma adalci bai yarda a yanke hukunci kafin a auna kayan da kowa ke ɗauke da shi ba. Nijar da mafi yawan ƙasashen ƙungiyar suna cikin jerin ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba, waɗanda tun 2001 Turai ta yarda kayansu su shiga kasuwarta ba fito, ban da makamai. Ko an sa hannu ko ba a sa ba, ba su da asara. Nijeriya kuma man fetur ne ƙashin bayan cinikinta. Kodibuwa da Gana su ne da 1 ga Janairun 2008 zai iske ayabarsu da kifin gwangwaninsu da kokon da suka sarrafa suna biyan fito a tashoshin Turai, tare da duk ma'aikatan da ke ci daga nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haƙuri ba ya da tsada ga wanda rumbunsa ke cike.

A nan tsarin gandu yana da abin koyarwa. A gidan Bahaushe ana noma gandu tare, kuma kowane magidanci yana da gamanarsa da yake nomawa a ranakun da aka ware masa. Ba a taɓa ɗaukar gamana cin amana ba, saboda sharuɗɗa biyu. Mai gida da ke neman ƙarfin ƙannensa a gandu shi ke ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu aure. Mai gamana kuma ba ya satar ranakun gandu, ba ya buɗe dangar da dabbobi za su bi su shiga hatsin kowa. Duk inda ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya karye, gandu ya kama hanyar watsewa.

Idan aka auna rikicin APE da wannan ma'auni, laifin ya rabu biyu. Ƙungiyar ta nemi ƙasashe biyu su jira, ba ta ɗauke musu ko kaɗan daga asarar jiran ba. Su kuma larurar da ta tilasta musu ba ta sauke musu haƙƙin maƙwabta ba: nauyi ne a kansu su tsare ƙofar da suka buɗe, su kuma riƙe kalmar "wucin gadi" da gaskiya, kada ta zama zaman dindindin. Larura uzuri ce, amma ba ta mayar da abin da aka yi cikin tilas ya zama ƙa'ida.

Babu kuma ƙasar da za ta ce hannunta bai taɓa shiga ba. Nijeriya, wadda ta ƙi APE, ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ƴan kasuwar Konni da Maraɗi suka ɗanɗana kuɗarsu. A 2023 ƙungiyar ta rufe wa Nijar iyaka bayan juyin mulki, talaka ya sha wahalar. Nijar da Mali da Burkina Faso kuma suka fice a Janairun 2025. Kowa, da ranarsa ta zo, gamanarsa ya duba.

Duk da haka albasar Galmi ba ta fasa neman kasuwar Kumasi da Abijan ba, inda take gogayya da ta Holand mai zuwa ta teku. Manomin Keita yana buƙatar mai saye na bakin teku kamar yadda wancan ke buƙatarsa, ko da wane suna aka kira zumuntar. Abin da ya sani daga bakin rudunsa shi ne abin da ya kamata shugabanni su riƙe: duk wanda ya ce wa ɗan'uwansa kada ya sayar, to ya fara tambayarsa nawa ake bin sa.