Duk Abin Da Ido Ya Gani Sai An Saya?

 

Mas'alarmu ta wannan mako ita ce: mutum ya sami kuɗinsa ta hanyar halal, ya shiga kasuwa ba da niyyar saye ba, ya ga abu na halal, ransa ya biya, ya saya nan take. Shin akwai laifi a kansa? A wajen hukunci dai ciniki ya inganta, babu malamin da zai warware shi. Amma ingancin ciniki daban, halin mai cinikin daban.

A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya gamu da Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da su, yana ɗauke da nama. Jabir ya ce marmari ne ya kama su, ya sayo na dirhami ɗaya. Umar bai ce naman haram ne ba. Abin da ya zarge shi da shi, shi ne ya bi marmarinsa alhali akwai maƙwabci da ɗan'uwa da ya kamata a tuna da su.

To, albashi ko ribar kasuwa, tun kafin su shiga aljihu suna da masu su. Akwai cefane, akwai kuɗin haya, akwai makarantar yara da magani, ga kuma iyaye da suka manyanta. Magidancin da ya raka abokinsa Kantin Kwari ya fito da shadda, alhali akwatinsa cike yake, a ganinsa da kuɗinsa ya saya. A gaskiya kuwa da abincin ƙarshen wata ya saya, kuma matarsa ce za ta biya, ranar da za ta tura yaro maƙwabta neman aron garin tuwo. Haka uwargida da ke karɓar kwanuka bashi a hannun dillaliya don ta ga na kishiya. Daga nan sai bashi, wanda Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yawaita neman tsari daga gare shi. Da aka tambaye shi dalili, ya bayyana cewa bashi yana jan mutum ga ƙarya da saɓa alkawari.

Kada a fahimci cewa muna kira ga rowa ko ƙuntata wa kai. Aya ta 32 a Suratul A'araf ta yi inkari ga mai haramta ado da daɗaɗan abinci. Aya ta 29 a Suratul Isra'i kuwa ta hana ƙanƙame hannu kamar yadda ta hana sakinsa gaba ɗaya, ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi masu tsayawa tsakani. Sai dai tsakiyar nan ba a gane ta da ƙiyasi a gaban mai kanti. Wanda bai san nawa ke shigo masa da nawa ke kansa ba, ta yaya zai san ya ƙetare iyaka?

Dattawa ba su manta da Udoji ba. A 1975 aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi har da ariyas, kuɗi suka zo a dunƙule, aka ruga sayen rediyo da babur, kaya suka yi tsada. Zuwa 1982 gwamnatin Shehu Shagari ta shelanta tsuke bakin aljihu. A wancan zamani ma sai mutum ya taka zuwa kanti, ya ƙirga takardun kuɗi da hannunsa ya ji zafin rabuwa da su. Yau kasuwar tana cikin wayar salula, tana bin mutum har shimfiɗarsa, kuɗi su fita da danna yatsa, ga masu ba da rance da ruwa suna jira a cikin wayar.

Wani zai ce, ai arziki na Allah ne, lissafi da tanadi raunin tawakkali ne. Wannan kuskure ne. Annabi Yusuf ya umarci mutanen Masar su bar hatsin shekara 7 na yalwa a zangarniyarsa saboda shekara 7 na fari. Bukhari kuma ya ruwaito cewa Manzon Allah yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara daga dabinon Banu Nadir. Wa ya kai su dogara ga Allah? Manomi ma da ya ɗinke rumbu ba a ce masa mai ƙarancin imani.

Wuyar aikin ita ce dorewa. Da yawa sukan rubuta tsarin kashe kuɗi ranar albashi, kafin mako biyu takardar ta ɓata. Galibi tsananin da suka yi wa kansu ne ya karya su, domin tsarin da bai bar gurbin tsire ko kayan kwalama na yara ba, ba zai kai wata biyu ba. Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Hikimar adashi ke nan, kowa ya zuba abin da zai iya, amma kada zubi ya tsaya. In kuwa an zame a wani wata, sai a koma kan tsari a na gaba, kamar yadda wanda ya makara da Asuba ba ya barin Azahar.

Abin da ya fi ƙarfafa gwiwa shi ne niyya. Ya tabbata cewa abin da mutum ya ciyar da iyalinsa yana neman lada, sadaka ce a gare shi. Wanda ya mayar da hannunsa aljihu a gaban kanti don kuɗin makarantar ɗiyarsa, yana cikin ibada ko da babu wanda ya gani. A cikin Sahihu Muslim kuma an hore mu da duban wanda ke ƙasa da mu a abin duniya, don kada mu raina ni'imar da ke hannunmu. Abu kuwa in ya shiga rai kuma ba ya cikin lissafin wata, a ba shi kwana 3 tukuna. In har bukata ce ta gaskiya, za a same ta tana nan, a sa ta a lissafin wata mai zuwa.