Taliyar Ɗan Takara: Kyauta Ce Ko Bashi?

'Yan uwana mata, akwai wata magana da take yawo a gidajen biki da suna a nan Minjibir duk sanda zaɓe ya ƙarato. Sai ki ji an ce, "Ke dai karɓi abinki, ai kuɗinmu ne, in kin je rumfar zaɓe ki dangwala wa wanda ranki yake so." Maganar da daɗin ji, amma ni dai ba ta kwanta mini ba.

Ai mu mata mun fi kowa sanin yadda kyauta take. Ranar da ƙawarki ta kawo miki turmin atamfa a bikin 'yarki, kin san bashi kika ci, wasu har a littafi suke rubutawa. Ranar nata bikin dole ki mayar, har da ɗoriya. To don me za mu ce taliya da sabulu da magin ɗan takara su kaɗai ne ba a rama su? Wallahi shi ma rubutawa yake yi. In kin zaɓe shi, a ganinsa ya biya ki, ba ki da bakin tambayarsa komai har shekara 4. In kuma kin karɓa kin ƙi, alhali kin yi alkawari, wani sa'in har da rantsuwa, to kin ga an shiga wata maganar tsakaninki da Ubangijinki.

Ban ga laifin matar da ta wayi gari ba ta ɗora tukunya ba. Kunyar tana kan wanda ya zauna yana jiran ranar yunwarta. Damuwata ita ce yadda muka koma auna shugaba da sakin hannunsa. Wanda ya raba, shi ne mutumin kirki, wanda bai raba ba marowaci ne, ko da ya gyara asibiti.

Wannan ƙuri'a kuwa ba a tsince ta a ƙasa ba. A zaɓen 1959 matan Kudu sun yi zaɓe, mu na Arewa aka ce mu zauna a ɗaka. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, 'yar NEPU, ta sha duka da ɗauri a kan wannan magana. Sai a 1976, a zaɓen ƙananan hukumomi, aka yarje wa matan Arewa. Bayan shekara 3, a 1979, PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Jihar Kano, Abubakar Rimi ya hau gwamna ya soke haraji da jangali. Ki tambayi kakarki yadda ake ciki kafin nan: in lokacin haraji ya zo maigida ba shi da shi, sau da yawa akuyar matar gida ce take tafiya kasuwa don kada a wulaƙanta shi a ƙofar dagaci. Kin ji mulkin da ya shigo har cikin turken mace, ba tare da an miƙa mata ko sabulu ɗaya ba.

Yanzu dubi madatsar ruwa ta Wasai da ke ƙasarmu. Kogin Jakara ne yake kwararo mata, ɗauke da dattin birnin Kano da na masana'antun Bompai. Da ruwan nan ake ban-ruwan lambu, a cikinsa ake kamun kifi, mu ne kuma masu yankawa mu zuba a miyar yaranmu. Gyaran wannan aikin hukuma ne, ya fi ƙarfin maigidanki da mai unguwa. Amma sau nawa kika ji an tayar da zancen a taron mata na siyasa? Guɗa ake yi, a jira rabo. Wadda kuwa ta rungumo ledar taliya a ƙirjinta, da wane baki za ta ce wa ɗan takara, "Ranka ya daɗe, yaya batun ruwan Jakara?"