Sirrin Da Ke Bakin Kujerar Likita

Karatu: Littafin Firistoci 19:16

Kafin likitan haƙori ya cire maka haƙori yakan tambaye ka ko kana da sikila, ko akwai mai zubar jini ba tsayawa a danginku. Dole ka faɗi gaskiya, don da amsarka zai san yadda zai kiyaye ranka. Amma waɗannan cututtuka na gado ne, sirrinka ya shafi zuriyarka.

Ka ɗauka wata 'yar'uwa a ikkilisiya tana aiki a irin wannan ɗaki. Wani saurayi ya zo, ya ce shi SS ne. Ta san yarinyar da yake nema, ta kuma san ita AS ce, wato kowane ciki da za ta ɗauka rabi da rabi ne a haifi mai sikila. Saurayin bai gaya mata ba. Me 'yar'uwarmu za ta yi?

Ayarmu ta yau ta kama ta da hannu biyu: ta hana yawo da tsegumi, a wuri ɗaya kuma ta hana zuba ido ran maƙwabci na cikin haɗari. Ni dai a ganina, kada ta kai maganar waje. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kare sirrin majinyaci, kuma ka san garinmu: abin da aka faɗa da safe a Illela, kafin la'asar ya ƙetare Ƙonni. Ranar da aka gane bakin ma'aikatan asibiti ba ya riƙe magana, masu ciwo za su fara ɓoyewa, wani ya hau kujerar da ƙarya a bakinsa.

Sai dai shiru kaɗai bai fisshe ta ba. Ta kira saurayin su biyu, ta bayyana masa abin da ke jiran 'ya'yansa, ta matsa masa ya faɗa da bakinsa, ko su je gwajin jini tare kafin a sa rana. In ya ƙi, ta sāke komawa.

Ku kuma da kuke naɗe asirin mutane cikin "roƙon addu'a" a taron mata ko na matasa, Allah yana jin addu'ar da ba a ambaci suna ba.

Idan kuwa kai ne saurayin, ɗan'uwa, mun gaskata Yesu yana warkarwa. Amma yarinyar nan ba za ta iya tsayawa da kai cikin bangaskiya a kan abin da ka ɓoye mata ba. Je ka same ta a makon nan, tun ba a kai kaya gidansu ba.