Kafin a Ɗinka Miki Farar Riga

'Yata, na ji kin samu gurbi a kwalejin koyon aikin lafiya ta Jega, kuma an ce burinki, in kin gama, ki bi 'yan agaji zuwa wuraren da ake tashin hankali. Allah Ya yi miki albarka. Ban zo karya miki gwiwa ba, amma zauna tukuna mu yi magana.

Aikin nan ya girmi kakannin kakanninmu. A shekara ta 5 bayan Hijira, da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a hannu ranar yaƙin Khandaƙ, Manzon Allah (SAW) ya ce a kai shi hemar Rufaida da ke masallacin Madina, inda take jinyar masu rauni. Ki lura, ba a tsaya cigiyar mai jinya ba, domin an riga an san hannunta. Abin da nake so ya zauna miki ke nan: halin da za ki yi aiki da shi ranar tsanani, a ranakun lafiya ake gina shi, kamar yadda masu ɗorin Aliero ke shafe shekaru a gefen iyayensu suna riƙe ƙafa da miƙa kara kafin a bar su su taɓa karaya su kaɗai.

Kuma kada ki ɗauka sai an ji ƙarar bindiga ake yaƙi. A yaƙin basasarmu na 1967 zuwa 1970, wasu likitocin Faransa da suka zo aikin sa-kai ƙarƙashin Red Cross sun tarar yunwa na kashe yaran Biyafara fiye da harsashi. Daga cikinsu ne aka samu waɗanda suka kafa ƙungiyar MSF a 1971, wadda mu Hausawa muka raɗa wa suna Likitoci Na Gari Na Kowa. Yau ga ta a babban asibitin Maiyama tana jinyar yara masu tamowa, kuma galibin masu aikin 'ya'yanmu ne na gida. Haka a bazarar 2025, da sanƙarau ya faɗa wa Aliero da Jega da Gwandu, har jami'ar Aliero ta sallami ɗalibanta, fagen fama ya zo mana har ƙofar gida. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin masu sanƙarau ya san aikin ba shi da ado: a share amai, a juya mai jijjiga ya kwanta a gefensa don kada ya shaƙe, a duba ƙarin ruwa da tocila tsakar dare, a yi allura a kan lokacinta ko da ido na rufewa, sannan a samu sauran haƙurin da za a amsa wa uwar da ta yi tambaya ɗaya sau goma. Ba wanda zai tafa miki, kuma wani yaron, duk da haka, zai cika a hannunki.

Akwai kuma abin da ba zan ɓoye miki ba. A watan Maris na 2018 'yan bindiga suka sace ungozomomi biyu a Rann ta jihar Borno, Saifura Hussaini da Hauwa Liman, matasa sa'o'in yayyenki, masu karɓar haihuwar 'yan gudun hijira. Kafin ƙarshen Oktoba duk an kashe su. Allah Ya jiƙan su. Kyakkyawar niyya lada take jawowa, ba ta tare harsashi, saboda haka in ranar ta zo, ki tafi da yardar iyayenki, in shugaban aiki ya ce a janye ki janye, kada zafin ƙuruciya ya sa ki ga kamar tsoro ne.

Mafi wuya kuwa shi ne ranar da za a shimfiɗe miki wani cikin jini, a raɗa miki cewa danginsa ne suka ƙone ƙauyen su wance. Zuciyarki za ta tafasa, na sani, ke ma mutum ce. Amma shari'a tana da alƙalanta, ke amanar rauninsa aka damƙa miki, kuma hannun da ya saba zaɓen majinyaci, ya yi wa ɗan mai kuɗi fara'a ya daka wa baƙauye tsawa, ranar nan ba zai miƙu ba.

Don haka idan aka tura ki koyon aiki asibiti, tsohuwa ta shigo daga Andarai ko Mungadi da jika a goye, ba ta san layin karɓar kati ba, ki fara gaishe ta, ki ce mata Inna, ki nuna mata wurin zama. In za a duba ta ki ja labule. Wayarki kuma ta zauna a aljihu, kada hoton yaron ya fita daga ɗakin.