Laifin Baki Ko Laifin Kunne?

A zamanin da fim bai fara magana ba, Mabel Poulton tana cikin manyan taurarin Ingila. Fim ɗinta na 1928, The Constant Nymph, ya karɓu ƙwarai. Da sauti ya shigo wajen 1929, sai aka ji bakinta: ashe Turancin talakawan Landan take yi. Daga nan kasuwarta ta soma mutuwa, alhali fuskar tana nan, gwanintar ma ba ta ragu ba.

To, shin muna da bakin zargin Turawa? A ce yarinya ta taso daga Tambuwal ko Kebbe ta nufi Kano neman shiga fim. Abin da za a fara cewa ta gyara shi ne "wanga" da "shina". In kuwa aka bar ta da Sakkwatancinta, galibi 'yar ƙauye za ta fito, ko wadda za a yi wa dariya.

Masu shirya fim suna da hujjarsu: kuɗi suka zuba, kuma daidaitacciyar Hausa ake ji daga Kano har Kumasi. Mun ji. Amma ai Narambaɗa bai sake harshe ba, Kanawa kuwa ba su nemi tafinta ba kafin su haddace waƙoƙinsa.

Mu marubuta ma ba mu tsira ba. Sau nawa muka ba jarumar labari Kananci, muka bar wa 'yar aikinta karin Sakkwato? Tun ba su aikata komai ba mun nuna wa mai karatu wadda zai so da wadda zai raina.