Dogaro da kai: har ina iyakarsa?

Ƴan uwa ɗalibai, akwai wata tsere ta kekuna da ake yi kowace shekara cikin watan Yuni, sunanta Tour Divide. Ana tasowa daga garin Banf na ƙasar Kanada, a bi duwatsu da dazuzzuka har iyakar Amurka da Meksiko, kimanin kilomita 4,400. Babu kuɗɗin shiga, babu lada ga wanda ya zo na ɗaya. Dokarta babba guda ce: kowa ya ɗauki kayansa bisa kekensa, kada wata mota ta biyo shi da abinci, kada wani nasa ya tarbe shi da taimakon da sauran ba su samu. Da na ji wanga labari sai ya burge ni, na ce wannan shi ne mutum ya tsaya da ƙafarsa.

Wani hutun lakwal, tun kafin ɓarayin daji su sa hanyar ta yi wuyar bi, mu uku muka ce sai mun gwada namu. Muka hita Maraɗi, muka bi ta Madarunfa, muka nufi dajin Baban Rafi, tahiyar kwana uku. Kowa ya ɗaure jarkar ruwa, garin rogo, ƙuli-ƙuli, tabarma da kayan faci. Muka yi alkawari ba mu roƙon kowa komi.

Rana ta biyu alkawarin ya hwara nauyi. Rairayi ya sa turin keke ya hi hawa yawa, tsidau ya huda tayata sau huɗu, faci ya ƙare, ruwa saura kaɗan. Muna zaune cikin sabara da geza sai ga wani dattijo da kekensa, ya labta itace zai kai kasuwa. Ya ce: "Samari, lahiya?" Ni da girman kai na ce: "Lahiya lau, Baba, hutawa muke." Ya dubi tayar, bai ce komi ba. Ya kwance guntun roba daga kayansa ya ɗaure wurin hujin, ya kwatanta muna wata rijiyar makiyaya da ba ta da nisa. Na miƙa mishi dala ashirin, ya ce in riƙe in sha hura a gaba.

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Shin na karya alkawari ne, ko alkawarin ne tun asali bai da ƙafa? Hanyar da muke bi, wa ya taka ta har ta hito? Masu itace da shanu. Rijiyar, wa ya gina ta? Ko su ƴan tseren can, ai shaguna suke tsayawa su sayi abincin da wani ya dafa.

Ba cewa nike dogaro da kai banza ne ba. Wanda ya shiga daji bai yi guzuri ba yana jiran a ba shi, ya ɗora wa mutane kayan da ya kamata shi ya ɗauka, kuma wannan rashin adalci ne. Amma wanda ya yi iya shirinsa, abu ya hi ƙarhinsa, sannan ya ce "lahiya lau" don kada a ga gazawarsa, shi ma ya yi kuskure. Ƙaryata ta ranar nan da ta iya jawo wa abokaina biyu ƙishirwa, ba ni kaɗai ba.

Mu ma nan cikinmu akwai mai kwana da yunwa bai faɗi ba, akwai wanda darasi ya shige wa duhu yana kunyar tambaya. Ɗan uwa, ka yi guzurinka iyakar ƙarhinka. In ya ƙare, ka buɗe baki. In kuma kai ne mai guntun robar, kada ka jira sai an roƙe ka.